Atamfar Ƙasan Akwati

Ni dai ban san tufafi suna da magana ba sai bayan da na rasa miji. Da Garba yana raye, abin da ya sayo shi nake ɗaurawa, in ya ce ya yi kyau to ya yi, in bai ce komai ba ma ya yi. Da ya rasu na shiga takaba da zannuwa biyu da suka koɗe da hijabi ruwan toka. Takaba ta ƙare, amma ni ban fita daga cikin zannuwan ba. Da su na baro Wushishi na zo Minna, gidan Yaya Zuliha a Shango, ina tafiya ina bin jikin bango kamar wadda ta ci bashin unguwa.

Yaya Zuliha ɗiyar yayar mahaifiyata ce. Tabarma ɗaya muka kwana a kai muna yara, ita ta koya mini kitso, ita take rama mini faɗa a bakin rijiya. Sana'arta kayan gara, wato alkaki da dublan da nakiya da cincin da ake kai wa amarya. Sunanta ne a jikin kowace roba da ta fita daga gidan, hannuna ne a cikin kowane kwaɓi. Ban taɓa jin haushin wannan ba, tunda ta ba ni wurin kwana, ko da yake wurin kwanan sito ne, tsakanin buhunan fulawa da jarkokin mai. Abin da yake cin raina ɗaya ne: 'yata Rukayya tana can Wushishi wurin kakarta ta wajen uba, don gidan Yaya babu sarari. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ta ce, "Rabi, ki yi haƙuri, sai an samu sarari." Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sarari bai samu ba.

Maƙwabciyarmu Maman Luke ce ta buɗe mini ƙofa. 'Yar Gbagyi ce daga Kuta, doya take sayarwa, kuma ita take kai doya gidan Hajiya Kaka a Tunga. Duk wanda ya ci abincin babban biki a Minna ya san Hajiya Kaka, Banufiyar nan 'yar Bida mai girkin biki, wadda tukwanenta kaɗai sai a motar ɗaukar kaya. Wai a wani bikin suna ta ɗanɗana alkakinmu, ta tambayi wa ya yi, aka ce Zuliha. Maman Luke da ba ta iya riƙe gaskiya a baki ta ce a'a, akwai wata a bayan gida. Ranar da ta kawo mini saƙon sai da ta ja ni bakin katanga tana waige-waige.

"Hajiya ya ce kai zo ran Asabar da safe," in ji ta da Hausarta ta 'yan koyo. "Yana neman mace da zai riƙe masa kayan gara duka. Akwai ɗaki a gidan. Ɗaki naka, da ƙofa, da makulli."

Ban ji sauran maganar ba. Ɗaki da ƙofa da makulli na nufin katifa biyu, tawa da ta Rukayya. Na riga na fara tunanin makarantar da zan sa ta tun Maman Luke ba ta rufe baki ba.

Sai dai ta ja mini kunne a kan abu guda. Hajiya Kaka tana karanta mutum tun daga ɗankwali har takalmi kafin ta amsa gaisuwarsa. An ce ta taɓa mayar da wata gwanar girki gida saboda ta zo da zani a yamutse, tana cewa matan da take tura wa gidajen manya su ne fuskarta, kuma wadda ba ta iya shirya jikinta ba ba za ta iya shirya tire ba. Maman Luke ta dubi zanina, ta dubi hijabina, ta yi tsaki cikin tausayi, ta ce in na je a haka ko ruwa ba za a ba ni ba.

Da na gaya wa Yaya Zuliha, tukwane ne suka yi magana a madadinta, don ranar babu murfin da bai sha bugu ba. Na ce a raina haushi ne na ɗan lokaci, zai wuce. Ai kuwa kamar ya wuce. Bayan kwana biyu ta kira ni ɗakinta tana murmushi, ta ce ta yi tunani, ci gabana ci gabanta ne, kuma ba za ta bari ƙanwarta ta je gidan mutane kamar 'yar gudun hijira ba. Ta jawo akwatinta na ƙarƙashin gado, ta yi ta fitar da lesuka da shaddoji tana tarawa gefe, har ta kai can ƙasa. Ta ɗauko wata atamfa da ko ninkin kanti ba a warware ba.

Koriya ce shar, da zanen ƙananan fitilu ruwan zinare a jere. A cikin ninkin akwai mayafi ruwan goro, shi ma sabo dal. Ta ɗora mini a kafaɗa, ta ja ni gaban madubi, ta ce in duba yadda launin ya tashi da fatata. Na duba. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau wannan ne abin da ya fi ba ni takaici, cewa atamfar ta dace da ni kamar don ni aka buga ta.

Na yi kuka a kafaɗarta, na yi mata addu'ar da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifiyata. Ta ce in daina, ai abin da ya kamata ne.

A ƙarshen layinmu akwai tela Sheshi, wanda yake yi wa duk matan unguwa ɗinki, har da ita Yaya. Na ɗauka can za mu kai. Ta ce a'a, hannun Sheshi ya lalace, ga saɓa alkawari, akwai wani sabon tela a Chanchaga da bai daɗe da zuwa daga Zariya ba. Ita ta kai ni da kanta, ita ta tsaya a kansa tana zana masa fasalin rigar da yatsa a kan tebur: wuya mai faɗi, hannu ya tsaya a gwiwar hannu ya buɗe, a bi bakin da zare ruwan goro. Na yi mamakin yadda ta san abin da take so dalla-dalla, ita da kullum sai ta yi ta canja ra'ayi a gaban tela. Na ce ƙauna ce. Da aka karɓo ɗinkin ta sa shi a baƙar leda, ta ce kada in nuna wa kowa kafin ranar, bakin mutane ba shi da kyau.

Ran Asabar Maman Luke ta yi sammako zuwa Kuta sarin doya, don haka ba ta ga shirina ba. Yaya ce ta ɗaura mini ɗankwali, ta shafa mini hoda, ta ɗiga mini turarenta a bayan kunne. Da na tsaya gaban madubi sai na ga wata mata da na manta da ita. Kafaɗuna suka miƙe da kansu. Na ga ashe wuyana dogo ne, ashe ban tsufa ba, ashe idan na ɗaga kai ina kama da mahaifiyata a hotonta na aure. Na yi dariya da ƙarfi, irin wadda rabona da ita tun Garba yana raye. Na roƙi Yaya ta ɗauke ni hoto, na tura wa matar ƙanin Garba a Wushishi, na ce ta nuna wa Rukayya ta ga uwarta.

Yaya ta miƙo mini dogon hijabina ta ce in rufa har sai na isa, kada ƙurar titi ta ɓata kwalliya. Sannan ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta yi mini nasiha ta ƙarshe.

"In ta tambaye ki atamfar, kada ki kuskura ki ce ba ki aka yi. Manyan matan nan sun raina mai kayan aro. Ki ce taki ce, kin daɗe da ita."

Na ce to, Yaya.

Ko a ƙarƙashin hijabi atamfar tana aikinta. Babu wanda yake ganinta, amma ni na san tana nan, kuma tafiyata ta canja. Ban bi jikin bango ba, tsakiyar layi na bi. Mai keke da na tsayar ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" ni da kullum "ke" ake ce mini, ko a yi mini alama da hannu. Na zauna na harɗe ƙafa ina kallon shaguna suna wucewa, ina shirya abin da zan faɗa a kan tsamiyar alkaki da yadda ake hana dublan shan mai. Ko ɗar ban ji ba. A raina aikin nan na riga na same shi, zuwa kawai zan yi a nuna mini ɗakin.

A bakin ƙofar gidan Hajiya na cire hijabi na ninke a jaka, na yafa mayafi ruwan goro, na yi sallama na shiga.

Tsakar gidan cike yake da mata, wasu na yankan albasa, wasu na gyaran tattasai, wata na kankare ƙatuwar tukunya, surutu kamar kasuwar Gwari. Ina shiga surutun ya yanke. Mai kankare tukunya ta tsaya da hannu a sama. Wata ta dafe baki. Ni kuwa, wauta ta sa na ɗauka kyau ne ya ɗauke musu numfashi, sai na ƙara ɗaga haɓa, na gaishe su da fara'a, na wuce. Babu wadda ta amsa.

Hajiya Kaka tana zaune a baranda a kan kujera, doguwar mace mai cikar jiki, tabarau a kan hanci, tana magana a waya. Ta ɗago ta gan ni. Wayar ta zame daga kunnenta zuwa cinyarta, ina jin muryar mutumin can yana ta kiran sunanta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ni ce Rabi'atu mai alkaki da Maman Luke ta yi mata magana. Ba fuskata take kallo ba. Idonta yana kan hannun rigar, inda aka bi bakin da zare.

"Ina kika samo wannan?" ta tambaya a hankali.

Na yi murmushi, na gyara mayafi, na ba ta amsar da aka koya mini, har na ƙara mata gishiri don in burge.

"Tawa ce, Hajiya. Na daɗe da ita a akwati. Ajiye ta na yi don ranar farin ciki irin ta yau."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe da ƙyar, kamar wadda shekaru suka faɗo wa lokaci guda, ta shige ɗaki ta ja labule. Ban san me na yi ba. Ina nan durƙushe, murmushin bai gama barin fuskata ba, sai wata dattijuwa daga cikin masu aikin, wadda na ji ana kira Iya Nma, ta kama ni a damtse ta ɗaga ni. Ba ta sake ni ba sai a waje, bayan ta turo ƙofar gidan.

Ta tambaye ni ko ni ba 'yar garin nan ba ce. Na ce daga Wushishi nake, ban daɗe sosai ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ba ni labarin a tsaye a bakin titi. Hajiya tana da 'yar auta, Kafayatu, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta. Shekarun baya aka sa ranar aurenta. Yarinyar da kanta ta zaɓi anko, wato atamfar da dangi da ƙawaye za su saka iri ɗaya ranar biki: koriya mai fitilu, da mayafi ruwan goro, da ɗinki mai buɗaɗɗen hannu da ta zana wa ƙawayenta. Hajiya ta je Kano ta kwashe duk abin da dillalin atamfar yake da shi, aka raba wa mata gida-gida. Saura 'yan kwanaki biki zazzaɓi ya kama Kafayatu, kuma bai sake ta ba. Abincin da aka tanada don biki, masu zaman makoki ne suka ci.

"Tun daga ranar babu macen da ta san gidan nan da ta ɗaura shi," in ji Iya Nma. "Wasu sun tura ƙauye sadaka, wasu sun danne a ƙasan akwati. Ke kuma kin zo da shi har da mayafin, har da ɗinkin, kina cewa ranar farin ciki."

Rigar da ɗazu nake ji kamar fatata sai ta koma kamar an zuba mini ƙaiƙayi. Na zaro hijabi na rufa. Duk da haka zuciyata ba ta daina neman wa Yaya mafita ba. Na ce wataƙila wadda ta ba ni ba ta sani ba, wataƙila a kasuwa ta saya. Iya Nma ta tambayi sunanta. Da na faɗa sai ta dube ni da wani irin tausayi da ya fi zagi ciwo.

"Zuliha ta Shango? Ai ita aka ba kayan garar bikin. Ita ta raba ankon a unguwarku."

Ban hau keke ba. Da ƙafa na dawo, rana na dukana, ina tuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na tuna Sheshi da aka ce hannunsa ya lalace, alhali da ya ga atamfar zai gane ta, tunda shi ya ɗinka wa rabin unguwa. Na tuna baƙar leda, da hijabin da aka ce saboda ƙura ne, da yatsan Yaya yana zana hannun riga a teburin tela. Na tuna kukan da na yi a kafaɗarta, kuma a nan ne na tsaya a gefen titi na yi wani kukan, na baƙin ciki zalla.

Na same ta a bayan gida ta hura wuta. Abin da na fara gani ba fuskarta ba ce, robobin kwaɓi ne a jere, kwaɓin alkaki mai yawan da mutum ɗaya ba zai iya murzawa ba, wanda sai ya kwana kafin ya kai haka. Tun jiya ta kwaɓa shi, tun kafin ta ɗaura mini ɗankwali. Kujerata 'yar tsugunno tana ajiye a inda nake zama, har ta ɗora mini faranti a gaba.

"Kin dawo?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Canja kaya ki zo, aikin gidan Alhaji Rilwanu ne, jibi za a karɓa."

Na cire hijabin na tsaya a gabanta da koriyar atamfa, na ce ta dube ni. Da farko ta yi ta kame-kame, wai ta manta, wai atamfa ai atamfa ce, wai Hajiya ce mai riƙo. Na tambaye ta ɗinkin fa, shi ma mantuwa ce ta zana shi? Sai ta ajiye matsamin da ke hannunta, fuskarta ta canja, ta daina wahalar da kanta.

"To in kin tafi ni fa, Rabi? Wa zai yi mini? Kin san hannuna bai kai naki ba. Duk masu ba ni aiki can za su bi ki. Na ɗauke ki ba ki da kowa, na ciyar da ke, sai yanzu da kika yi ƙwari za ki bar ni da sunan banza a jikin roba?"

"Da kin ce mini haka, Yaya. Da baki."

"Da na ce, za ki zauna?"

Ba zan zauna ba, kuma ta sani. Na ce mata Rukayya fa, ta san don wa nake neman ɗakin nan. Ta kawar da kai ta ce yarinya ai tana wurin kakarta, ba a daji take ba. Wannan maganar ce ta yanke abin da ya rage tsakanina da ita. Da faɗa ta yi mini, ko ta rufe ni a sito ranar Asabar, da na fi samun sauƙi. Amma ta zauna ta yi tunani, ta nemo abin da zai sa in ji ni mutum ce, ta ɗaura mini shi da hannunta, ta tura ni in taka ciwon wata uwa ina murmushi.

Na tattara zannuwana biyu na koma gidan Maman Luke. Da ta dawo daga Kuta ta ji labari, sai da ta zauna a kan buhun doya ta riƙe kai. Ta ce da ta gan ni da safe ko da ƙarfi sai ta tuɓe ni. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin 'ya'yanta mata, ta ce ba za a bar maganar a haka ba, in koma in faɗi gaskiya, ita za ta fara shiga ta share mini hanya.

Na wanke atamfar, na goge, na ninke tare da mayafin. Ranar da na koma Tunga zanina koɗaɗɗe na ɗaura, da hijabi ruwan toka, kuma jikin bango na bi. Hajiya ta yarda ta gan ni a falonta. Na ajiye ninkin a gabanta, na faɗa mata komai ban rage ba, har da ƙaryar da na yi cewa tawa ce. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo rigar ta shimfiɗa a cinya, ta bi zaren bakin hannun da ɗan yatsa, ta daɗe a haka. Ta ce Kafayatu ta yi rigima da ita a kan wannan hannun, ita tana cewa ya yi faɗi, yarinyar tana cewa haka ake yayi. Ba ta taɓa ganin ɗinkin a jikin mutum ba sai a jikina.

Ta tambayi mijina, ta tambayi 'yata, ta yi wa Garba addu'a. Ta sa aka kawo mini ruwa da abinci. Zuciyata ta fara ɗagowa, har na soma tunanin katifa biyun nan kuma. Sai ta cire tabarau ta goge ido ta dube ni, wannan karon a fuska.

"Na yarda ba ki sani ba, 'yata. Ban riƙe ki da komai ba, Allah ya gani. Alkakinki kuma ban ci irinsa ba a garin nan. Amma ko yanzu da kike zaune cikin wannan hijabin, koren nake gani. In kina gidan nan kullum da safe sai na gan ki kin shigo ta ƙofar can kina murmushi. Ba zan iya ba."

Ban roƙe ta ba. Uwa ce, ni ma uwa ce, na san ba ƙeta ba ce. Ta ce za ta riƙa aiko mini da ƙananan ayyuka ta hannun Maman Luke, kuma ta cika alkawari, da su nake cin abinci yanzu. Ɗakin kuwa an ba wata mata daga Bida, na ji an ce har ta sa labule.

Yaya Zuliha takan aiko a gaishe ni. Sau ɗaya ma ta leƙo ta katanga tana tambaya ko fushin bai isa haka ba, ai jini ɗaya muke. Ban ɗago daga kaskon da nake suya ba. Maman Luke ta saya mini sabuwar atamfa shuɗiya, Sheshi ya ɗinka, amma kafin in yarda in sa sai da na bi mata uku a unguwa ina tambaya ko sun san ta wani ce. Ko da na sa, kafaɗuna ba su miƙe ba.

Ran Juma'ar da ta wuce matar ƙanin Garba ta kira ni, ta ce ga Rukayya tana ta damunta. Na ji numfashin yarinyar a waya kafin ta yi magana. Ta ce kullum sai ta karɓi wayar ta kalli hotona, ta nuna wa duk ƙawayenta na makarantar allo, ta ce musu ga Ummanta a Minna, ta samu babban aiki da ɗaki.

"Umma, kin yi kyau sosai," ta ce. "Ranar da za ki zo ɗaukata ki sa koriyar nan, kin ji? Ina so su gan ki."

Na dubi tabarmar aro da nake zaune a kai, na ce mata to.